WILLEM EINTHOVEN: MUTUMIN DA YA KOYA WA LIKITOCI KARANTA BUGUN ZUCIYA

Duk wanda ya taɓa zuwa babban asibiti da kukan faɗuwar gaba, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, mai yiwuwa ne an kwantar da shi a gado, aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, sa'an nan wata 'yar na'ura ta fito da takarda mai ƙananan gidaje, da wani zane a kanta mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Aikin ba ya cin minti 5, babu allura, babu zafi. Amma daga wannan zane likita zai gane ko zuciya tana bugawa bisa ƙa'ida, ko tana tsallake, ko tana gudu fiye da kima, ko kuwa wani sashe nata ya rasa jini. Ma'aikatan asibiti suna kiran wannan awo da haruffan nan uku, ECG. Mutumin da ya mai da shi abin dogara wani shehun malami ne na ƙasar Holan, mai suna Willem Einthoven, wanda ya rasu tun cikin 1927. Abin mamaki kuwa, shi kansa bai yi aikin duba marasa lafiya wani abin kirki ba. Kusan duk rayuwarsa a ɗakin gwaje-gwaje ya yi ta, tsakanin wayoyi da madubai.

An haifi Einthoven ran 21 ga watan Mayu, 1860, a garin Semarang na tsibirin Java, cikin ƙasar da yanzu a ke kira Indunusiya, wadda a wancan zamani tana ƙarƙashin mulkin mallakar Holan. Ubansa, Jacob Einthoven, likitan soja ne wanda daga baya ya zama likitan gari. Willem shi ne na uku cikin 'ya'ya shida, kuma babba cikin maza. Yana da shekara 6 uban ya rasu. Uwar ta ƙara shekara 4 a Java, sa'an nan cikin 1870 ta kwashe 'ya'yanta ta koma Holan, suka zauna a birnin Utrecht.

Maraya ba shi da zaɓi da yawa. Da ya shiga Jami'ar Utrecht don koyon aikin likita, sai da ya sa hannu a yarjejeniya da rundunar soja, su biya masa kuɗin karatu, shi kuma in ya gama ya tafi ƙasashen mallaka ya yi musu aiki, watau ya bi sawun ubansa ke nan. A jami'a an san shi da son motsa jiki, musamman tseren kwale-kwale da wasan takobi. Wajen wasa ne ya karye a wuyan hannu. Abin da zai sa wani saurayi ya zauna yana tsaki, shi sai ya sa shi lura da yadda hannu ke juyawa sama da ƙasa, da yadda gwiwar hannu ke aiki, har ya rubuta takardar bincikensa ta farko a kan haka. Wannan hali na bin ƙwaƙƙwafin yadda abu ke motsi bai rabu da shi ba har mutuwarsa.

Ya yi dace da malamai. Ya zama mataimaki ga likitan ido Herman Snellen, wanda shi ne ya ƙago allon haruffan nan manya da ƙanana da a ke sa mutum ya karanta in za a gwada ganinsa. Ya kuma yi aiki a ƙarƙashin F. C. Donders, wanda a lokacin ba shi da na biyu a Holan wajen ilmin yadda jiki ke aiki. Cikin 1885 Einthoven ya sami digirinsa na dokta da wani bincike a kan yadda launi ke yaudarar ido, har mutum ya ga ja kamar ya fi shuɗi kusa da shi, alhali kuwa a kan takarda ɗaya su ke. A wannan shekara shehun malamin da ke riƙe da kujerar ilmin aikin jiki a Jami'ar Leiden ya rasu, Donders ya tsaya wa ɗalibinsa, aka ba shi kujerar yana da shekara 25. Ya kama aiki cikin 1886, ya biya soja kuɗinsu, ya tsira daga tafiya bariki. A shekarar ce kuma ya yi auren zumunci da 'yar kawunsa, suka haifi 'ya'ya mata uku da namiji ɗaya. Daga nan bai sāke barin Leiden ba, shekara 41.

YATSA DA KUNNE

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai a dubi abin da likita ke da shi a hannu a ƙarshen ƙarni na 19. Yana da yatsunsa da zai ɗora a wuyan hannun majinyaci ya ji bugun jijiya, yana da abin sauraren ƙirji da Bafaranshen nan Laennec ya ƙago cikin 1816. Shi ke nan. Akwai gwanaye da suka yi abin a zo a gani da ɗan wannan. James Mackenzie, wani likitan gari a Burnley ta Ingila, ya harhaɗa na'urar da ke zana bugun jijiyoyin wuya da na hannu a lokaci guda. Karel Wenckebach, ɗan ƙasar su Einthoven, ya gano cikin 1899 wani irin tsallaken bugu da har yau a ke kira da sunansa, ta hanyar nazarin bugun jijiya kawai. Amma ga yawancin likitoci, bugu marar tsari duk abu ɗaya ne. Mutumin da zuciyarsa ke ɗan ƙara bugu jefi-jefi, abin da galibi ba ya cutar da kowa, sai a tsorata shi, a hana shi aiki, a kwantar da shi wata da watanni. Wanda kuwa ke bakin kabari sai a sallame shi da ruwan magani.

An daɗe da sanin cewa akwai lantarki a cikin zuciya. Cikin 1842 wani Ba'italiye mai suna Carlo Matteucci ya nuna cewa kowane bugun zuciyar kwaɗo yana tafe da ɗan lantarki. Matsalar ita ce ƙanƙantarsa. Abin da ke isowa fatar mutum bai wuce kimanin kashi 1 cikin 1,500 na ƙarfin batirin tocila guda ba, kuma yana sauyawa cikin ƙiftawar ido. Wanda ya fara kama shi daga jikin ɗan Adam shi ne Augustus Waller na asibitin St Mary's a Landan, cikin 1887. Ya yi amfani da na'urar Gabriel Lippmann, watau wani siririn bututun gilashi mai zaiba da ruwan batir a ciki, in lantarki ya ratsa sai kan zaibar ya ɗan motsa, a ɗauki hoton motsin. Waller yana da wani kare mai suna Jimmy da ya kan tsayar da ƙafafunsa cikin kwanonin ruwan gishiri in zai nuna wa jama'a gwajin. Karen ya yi suna har cikin 1909 aka tā da maganarsa a Majalisar Dokokin Ingila, wani wakili yana tambaya ko ba zaluntar dabba a ke yi ba.

Cikin 1889 aka yi taron farko na masana ilmin aikin jiki na duniya a Basel ta ƙasar Suwizalan, Waller ya nuna gwajinsa, Einthoven yana cikin masu kallo. Ya koma Leiden da abin a ransa. Ya lura cewa zaiba tana da nauyin jiki, kafin ta motsa lantarkin ya riga ya wuce, saboda haka zanen da ta ke bayarwa inuwar gaskiya ce kurum. Sai ya zauna da alƙalami yana gyara zanen ta hanyar lissafi, ɗigo bayan ɗigo, yana ƙididdige abin da ya kamata a gani in da zaibar ba ta da jinkiri. Ga kuma wata wahalar: ɗakin gwajinsa tsohon gini ne a bakin titin duwatsu, duk sa'ad da keken doki ya wuce sai ginin ya girgiza, zane ya lalace. Cikin 1895 ya buga sakamakon. Zanen da ya gyara ya nuna tudu da kwari guda 5 a kowane bugu, ya sa musu haruffan P, Q, R, S da T. Har yau, daga Leiden zuwa Kano, da waɗannan haruffa ɗalibin likita ke fara karatun zuciya.

ZARE TSAKANIN MAGANAƊISU

Gyaran lissafi yana cin kwanaki a kan zane guda, ba abin da za a kai asibiti ba ne. Einthoven ya ƙudura sai ya ƙera na'urar da za ta yi zanen daidai tun farko. Dabarar da ya bi tana da sauƙin faɗi. In aka miƙe zare mai ɗaukar lantarki tsakanin bakuna biyu na maganaɗisu mai ƙarfi, duk lokacin da lantarki ya bi zaren zai karkata gefe, kuma gwargwadon rashin nauyin zaren, gwargwadon saurin amsawarsa. Wani injiniya Bafaranshe, Clément Ader, ya riga ya yi na'ura mai wannan tsari cikin 1897 don karɓar saƙon tangaraho ta wayar ƙarƙashin teku, kuma Einthoven ya ambaci aikinsa. Sai dai ta Ader ba za ta iya jin raɗar zuciya ba. Wurin da Einthoven ya yi zarra shi ne zaren. Ya yi shi da wani farin dutse mai sheƙi kamar gilashi da a ke kira kwaz. A kan narka dutsen, a liƙa bakinsa a jikin kibiya, a harba kibiyar zuwa ƙarshen ɗaki, sai ta ja narkakken dutsen ya zama zare wanda gashin kan mutum ya fi shi kauri sau 20 ko fiye. Sa'an nan a shafe shi da azurfa don lantarki ya iya bi. Zaren da kyar ido ke ganinsa, numfashi mai ƙarfi ma ya isa ya tsinka shi.

A kan haska fitila mai ƙarfi a kan zaren, madubi mai ƙara girma ya faɗaɗa inuwarsa, inuwar ta faɗa kan farantin ɗaukar hoto da ke tafiya a hankali. In zuciya ta buga, zare ya yi rawa, inuwa ta bar sawu. Ya fara bayyana na'urar cikin 1901, ya yi cikakken bayaninta cikin 1903. Da aka kwatanta zanenta da wanda ya fitar da lissafi shekaru 8 da suka wuce, sai aka tarar kusan ba bambanci. Da wuya a sami shaidar da ta fi wannan ƙarfi a kan cewa mutum ya san abin da ya ke yi.

Na'urar kam dodo ce. Nauyinta ya kai kimanin kilo 270, ta cika ɗaki biyu, sai mutum 5 sun taru a kanta kafin ta yi aiki, kuma sai ana zagaya maganaɗisun da ruwa don kada ya yi zafi. Wanda za a auna ya kan zauna a kujera, hannuwansa biyu da ƙafarsa ta hagu cikin bokitan ruwan gishiri, domin ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki daga fata zuwa waya. Ba yadda za a yi a kai wannan kaya gefen gadon majinyaci, marasa lafiyar zuciya kuwa ba su da ƙarfin da za a yi ta jigilarsu. Sai aka ja wayar tarho daga asibitin jami'a zuwa ɗakin gwajinsa, tazarar kimanin kilomita ɗaya da rabi. Ran 22 ga watan Maris, 1905, mutum yana zaune a asibiti, bugun zuciyarsa ya bi waya ya rubuta kansa a wancan ɗaki. A shekara ta gaba, 1906, Einthoven ya buga tarin zanen da ya samu ta wannan hanya. A ciki akwai zuciyar da ɗakunanta suka yi kauri, da mai ƙarin bugu, da wadda saƙo ya yanke tsakanin samanta da ƙasanta, da kuma bugun nan marar kan gado da likitoci suka daɗe suna ji a yatsa ba su san tushensa ba.

An yi sa'a kuwa, a daidai waɗannan shekaru masu fiɗar gawa suna gano hanyoyin da lantarkin ke bi. Wilhelm His ƙarami ya gano cikin 1893 wata igiyar nama da ta haɗa ɗakunan zuciya na sama da na ƙasa. Cikin 1906 wani ɗan Japan, Sunao Tawara, wanda ke aiki a Jamus, ya gano ƙullin da ke bakin igiyar, cikin 1907 kuma Arthur Keith da Martin Flack a Ingila suka gano wani ƙulli a ɗakin sama na dama, wanda daga baya aka tabbatar daga nan kowane bugu ke tashi. Da aka haɗa wannan da zanen Einthoven sai magana ta fito fili. Ƙaramin tudun nan P shi ne lantarki yana ratsa ɗakunan sama. Ɗan shirun da ke biye shi ne jinkirin da a ke yi a ƙullin Tawara don ɗakunan ƙasa su cika da jini. Tsinin Q, R, S shi ne saƙo ya isa ɗakunan ƙasa masu tura jini zuwa huhu da sauran jiki, T kuwa shi ne suna komawa daidai don jiran bugu na gaba. Haka abin ke maimaituwa sau 60 zuwa 100 a minti, kimanin sau 100,000 a yini da dare. In saƙo ya yanke a tsakiya, ɗakunan ƙasa sai su riƙa bugawa da kansu sau 30 ko 40 a minti, mutum ya riƙa suma ba gaira ba dalili. A takarda ana ganin wannan ƙuru-ƙuru, P yana tafiyarsa daban, sauran suna tasu daban.

ABOKIN AIKI DAGA LANDAN

Duk da haka ba kowa ya yarda abin zai yi amfani ba. Waller da kansa, wanda ya fara, yana ganin har cikin 1911 cewa da wuya wannan awo ya sami wani gurbi mai faɗi a asibiti. Einthoven kuma, in za a faɗi gaskiya, ba shi ne mutumin da zai shawo kan likitoci ba. Hankalinsa yana kan daidaiton awo, ba ya sakin takarda sai ya tabbata babu ƙura a cikinta, kuma ba shi da marasa lafiya nasa na kansa. Wanda ya cike wannan giɓi wani matashin likita ne ɗan yankin Wales, Thomas Lewis, na asibitin University College a Landan. Ya fara rubuta wa Einthoven wasiƙa cikin 1908, ya ziyarce shi a Leiden cikin 1909, suka ci gaba da musayar wasiƙu kusan har ƙarshen ran dattijon, ko da ya ke akwai shekara 21 a tsakaninsu.

Lewis ya kafa na'urar a asibitinsa ya shiga auna marasa lafiya ba ji ba gani. Cikin 1909 ya nuna cewa bugun nan marar kan gado yana faruwa ne domin ɗakunan sama sun daina matsewa, sai karkarwa kawai su ke yi, saƙonni barkatai suna sauka ƙasa. A zane babu P sam, tazarar bugu da bugu kuma ba ta taɓa zama ɗaya. Wasu likitoci biyu a Biyana, Rothberger da Winterberg, sun kai ga wannan a shekarar. Lewis ya kuma nuna cewa cutar ba baƙuwa ba ce, tana cike da ɗakunan jinya. Littafinsa na 1911 a kan yadda zuciya ke bugawa shi ya zama jagoran likitocin ƙasashen da ke jin Ingilishi. Da aka san cutar sai neman magani ya sami alƙibla. Wani majinyaci ya gaya wa Wenckebach cewa in ya sha kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, karkarwar ta kan lafa. Wenckebach ya ba da labarin cikin 1914, cikin 1918 kuma Walter Frey ya nuna cewa ɗan'uwan kwinin da a ke kira kwinidin ya fi shi aiki.

Wajen ƙera na'urar don sayarwa Einthoven bai ji daɗin farko ba. Kamfanin Edelmann na Munich ya fara yi, aka sami saɓani a kan haƙƙinsa, suka rabu. Sai ya koma ga kamfanin kayan kimiyya na Cambridge, wanda Horace Darwin, ɗan Charles Darwin, ya kafa. Su ne suka rage mata girma har ta zama abin da za a ɗora a tebur. Na'ura ta farko ta isa Amurka cikin 1909 a hannun Dokta Alfred Cohn.

Sauran babban aikinsa shi ne daidaita awo, don zanen da aka yi a Leiden ya karantu a Landan. Ya tsai da hanyoyi uku na duban zuciya: daga hannun dama zuwa na hagu, daga hannun dama zuwa ƙafar hagu, da daga hannun hagu zuwa ƙafar hagu. Ya kwatanta waɗannan wurare uku da kusurwoyin alwatika, zuciya tana tsakiya, ya kuma nuna cewa in aka haɗa tsayin zanen hanya ta farko da ta uku, za a sami na ta biyu. Ya yi bayanin wannan a gaban wata ƙungiyar likitoci a Landan cikin 1912, ya buga shi cikin 1913 tare da mataimakansa biyu, Fahr da de Waart. Waɗanda suka biyo baya, musamman Frank Wilson da Emanuel Goldberger a Amurka, sun ƙara wasu hanyoyi 9, shi ya sa na'urar yau ke ba da zane 12 daga wayoyi 10. Amma ukun farko nasa ne, ba a taɓa su ba.

Bai tsaya kan zuciya kaɗai ba. Tun 1892 ya yi bincike a kan ciwon fuka, daga baya ya yi amfani da zarensa wajen ɗaukar sautin zuciya, da lantarkin ido in haske ya faɗa masa, da na jijiyoyi. Ya riƙe shugabancin Jami'ar Leiden daga 1905 zuwa 1906. A shekarunsa na ƙarshe ya yi aiki da ɗansa, wanda injiniyan lantarki ne, suka ƙera irin na'urar da zarenta ke cikin bututun da aka zuƙe wa iska, suka karɓi saƙon rediyo da ita daga Java. Ɗan ya koma can ya shugabanci ɗakin binciken rediyo a Bandung, a tsibirin da aka haifi ubansa.

Cikin watan Oktoba, 1924, yana rangadin ba da lacca a Amurka, labari ya iske shi cewa an ba shi lambar Nobel ta fannin likita. Da ya je Sitokholm cikin watan Disamba, 1925 don gabatar da laccarsa, ya bayyana a gaban taro cewa yana shakkar ko zai tsaya a wurin in ba don aikin Thomas Lewis ba. Akwai kuma wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwajinsa, mai suna Van de Woerd, wanda hannunsa ya yi aiki ƙwarai wajen harhaɗa na'urar. Einthoven ya nemi ya raba kuɗin lambar da shi, sai ya tarar ya riga ya mutu, ya bar 'yan'uwa mata biyu cikin talauci. Ya ba su rabin kuɗin. Cikin 1926 ƙungiyar masana ta Royal Society a Ingila ta ɗauke shi cikin wakilanta na ƙasashen waje. Ya rasu a Leiden a ƙarshen watan Satumba, 1927, bayan doguwar jinya, yana da shekara 67.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Einthoven ya mutu a zamanin da likita ke iya ganin cutar a takarda amma abin da zai yi mata kaɗan ne. Ga mai yankewar saƙo, cikin 1958 ne Åke Senning da Rune Elmqvist suka dasa wa wani mutum na'urar ta da bugu a ƙarƙashin fata a Sitokholm. Mutumin ya rayu har 2001, ya riga ya ga bayan su biyun. Cikin 1962 Bernard Lown ya nuna yadda za a mai da bugu kan hanya da jan lantarki guda da aka auna lokacinsa daidai da tsinin R, cikin 1980 kuma aka fara dasa na'urar Michel Mirowski, wadda ke lura da bugu mai kisa ta katse shi da kanta.

Karkarwar ɗakunan sama ita ce har yanzu ta fi cin hankalin masu bincike, domin ita ta fi yawa cikin cututtukan bugu masu daɗewa, kuma haɗarinta ba a ƙirji ya tsaya ba. Jinin da ba a matse shi sosai ya kan daskare, gudan ya tsinke ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai wannan cuta ya fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Cikin 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka gano cewa tartsatsin da ke tā da karkarwar galibi daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu ya ke fitowa. Daga nan aka shiga zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a ƙone kewayen wurin da zafi ko a daskarar da shi da sanyi. Wata sabuwar hanya mai amfani da gajerun tartsatsin lantarki, wadda ke kashe naman da a ke nufi ba tare da ta cika taɓa maƙwabtansa ba, ta sami izini a Amurka a ƙarshen 2023. Wani gwaji da aka yi a Turai a kan mutum 2,789, wanda aka buga cikin 2020, ya nuna cewa in aka yi ƙoƙarin mai da bugu daidai tun cikin shekarar farko da gano cutar, mutuwa da shanyewar jiki da kwanciya asibiti suna raguwa da kimanin kashi 1 cikin 5.

Ba duk abin da ya yi daidai a Turai ke yin daidai a ko'ina ba. A Afirka da yawa daga masu karkarwar matasa ne waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun ƙuruciya ya lalata musu marufan zuciya. Wani gwaji a kan irin waɗannan mutane fiye da 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, wanda aka buga cikin 2022, ya tarar cewa tsohon maganin tsinka jini irin su warfarin ya fi sabon maganin rivaroxaban rage mutuwa, duk da wahalar awon jini a kai a kai da tsohon ke buƙata.

Wajen gano cutar kuwa, Jami'ar Stanford ta buga cikin 2019 sakamakon bin diddigin mutum fiye da 419,000 masu ɗaure da agogon Apple, inda agogon ya gargaɗi kimanin 1 cikin 200 cewa bugunsu ba daidai ya ke ba. Waɗanda aka gargaɗa sai da aka aika musu da na'urar ECG ta mannawa a ƙirji kafin a tabbatar, kuma kusan kashi 1 cikin 3 na waɗanda suka mayar da ita ne aka samu da karkarwar. Irin agogon da ke yin zanen da kansa, wanda ya fito cikin 2018, a kan ɗaura shi a hannu ɗaya, a ɗora yatsan ɗaya hannun a kan maɓallinsa na daƙiƙa 30. Abin da ya ke aunawa shi ne lantarkin da ke tsakanin hannu da hannu, watau hanya ta farko cikin ukun da Einthoven ya tsayar da bokitan ruwan gishiri.

An binne shi a harabar wata tsohuwar majami'a a Oegstgeest, kusa da Leiden. Na'urarsa mai zare tana ajiye a gidan tarihin kimiyya na Boerhaave a cikin birnin.